Rigar da Sarki Ya Ji Tsoron Juyawa

An ruwaito a cikin littattafan mutanen dā cewa an yi wani sarki a Birnin Magarya, sunansa Mu'allayidi. Wannan sarki ya sa an yi shela a kasuwanni cewa Allah ne da kansa ya ɗora shi a gadon sarauta, shaidar haka kuwa ƙarfe ba ya cin jikinsa. Mutane suka ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," don kowa yana son kansa a bisa wuyansa. Gaskiyar magana kuwa, babbar rigarsa an shafe cikinta da sulke, ƙananan zobba na ƙarfe tun daga kafaɗa har gwiwa. Maɗinkin da ya yi aikin, tun ranar da ya kai rigar fada ba a sake ganinsa ba.

Sarkin nan bai yarda da kowa ba. In bafade ya yi murmushi, ya ce me ya gani. In ya yi shiru, ya ce me yake ƙullawa. Ko a masallaci ba mai tsayawa bayansa sai dogarai, su ma sai ya waiwaye su kafin ya yi kabbara.

Wata shekara aka yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya fara naɗe ganye. Limamin gari, wani dattijo mai suna Nafi'u, ya zo fada ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gobe da hantsi a fita roƙon ruwa. In an idar da salla kowa ya juya rigarsa baibai yadda aka saba, ko Allah ya juya mana wannan hali. Sarki ne zai fara, talakawa su bi."

Da Liman ya fita, sai Sarki ya kira wazirinsa Hayatu, ya kore kowa, ya ce, "Waziri, wa ya turo tsohon nan? Duk ibadun duniya bai ga wadda ta yi masa ba sai ta juya riga? To, ga tambaya. Me ke riƙe da sarki a gadonsa, ƙaddarar Allah ko tsaron kansa? In ka ce ƙaddara, ita ce ta faɗa wa Liman yau, a sare kansa kafin la'asar. In ka ce tsaro, ka ƙaryata shelata, kai ma ka bi shi."

Waziri ya tsorata ƙwarai, amma ya daure ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a yi mini izini in ba da wani labari."

Sarki ya ce, "Ba da, amma la'asar ba ta jira."

Waziri ya ce, "An ce an yi wani attajiri mai suna Tanimu, yana cewa gidansa ba ya bukatar maigadi, mala'iku ke tsaronsa. Ashe wani ƙaton kare ya ɗaure a bayan rumbu. Ya sani sarai malamai sun ce mala'iku ba sa shiga gida mai kare, shi ya sa ya hana kowa wuce zaure. Rannan da tsakar rana wuta ta kama rumbun. Maƙwabta suka sheƙo da tuluna, suna buga ƙofa. Ya tsaya daga ciki yana cewa su koma, ba komai. Sai da gidan ya ƙone ƙurmus ya fito yana kuka. Wani maƙwabcinsa ya ce masa, 'Haba Tanimu, ai da ka buɗe. Karen nan shekara da shekaru yana hana mu barcin rana.'"

Sarki ya ƙura masa ido. Can ya rage murya ya ce, "Su wa suka ji?"

Waziri ya ce, "Duk sahun farko, ranka ya daɗe. In Sarki ya kai goshi ƙasa, rigar tana ƙara. Liman ya fi kowa kusa, bai taɓa faɗa wa kowa ba, juya riga kuwa tun kakanninmu ake yi. Amsar tambayarka ita ce: Allah ke ba da mulki, shi ke karɓewa, sulke kuwa ba haram ba ne, mutanen kirki sun sa shi. Abin da ba na Allah ba, shelar ce."

La'asar ta yi, ba a sare kowa ba. Amma Sarki ya sa dogarai su gewaye gidan Liman, don zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Washegari aka fita bayan gari, aka yi salla, jama'a suka zuba wa Sarki ido. Ya kama wuyan rigar zai tuɓe, nauyi ya hana. Ya sake gwadawa, zufa ta keto masa. Ba kowa kusa sai Liman Nafi'u. Dattijon ya ce, "Juyo mini bayanka, ranka ya daɗe, in taimaka maka."

Sarki ya dubi hannuwan Liman, ya dubi taron. Sannan ya juya, ya sunkuya. Liman ya zare rigar, ya juya ta, sulke ya yi walƙiya a rana, duk gari suka gani. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya shiga juya tasa.

Masu ruwaya sun saɓa a kan ruwan, wasu sun ce an samu, wasu sun ce sai da aka sake fita. Amma sun haɗu a kan cewa an janye shelar, aka ba Waziri alkyabba da doki, Liman kuma ya rayu har ya ga jikokin jikokinsa. Darasin da suka ciro shi ne, wanda ya rufe tsoronsa da sunan Allah, wata rana sai ya ji tsoron ibadar kanta. Allah ne mafi sani.