Hannun Barmo

Ku gyara zama, ku da ba ku gajiya da gardama, ga wadda ta fi ƙarfin dattawan Tungar Maje.

A garin nan akwai wani kambu na jan fata da zakaran dambe ke ɗaurawa a damtse. Al'adarsu kuwa ita ce, in aka kashe mai kambu a fage, wato aka kai shi ƙasa, sai dattawa su zauna su duba dalili. In gwaninta ce ta kayar da shi, ya kwance kambu ya miƙa wa wanda ya buge shi, ko daga wane gari yake, shi kuma ya koma inuwa cikin manya, ya huta har abada. In kuwa rauni ne, kambu na nan a hannunsa, amma dole ya sake shiga fage da kaka mai zuwa.

Barmo mahauci ne ke riƙe da kambun tun 'ya'yansa na goye, ga shi yanzu har sun fara aure. Gaskiya ya gaji. Gwiwoyinsa na ƙara in zai tashi daga sallah, kuma kiɗan kalangun da a da ke sa tsikar jikinsa tashi, yanzu ciwon kai yake sa masa. Amma wa zai gaya wa? Gari duka da shi ake tinƙaho.

Da kakar bana sai ga wani saurayi, Kallamu, daga ƙetaren gulbi. Abin da aka yi ranar ba za a kira shi dambe ba. Tun turmin farko, wato zagayen farko, Barmo ya kai naushi ɗaya, bai ƙara kai wani ba. Yaron nan ya yi ta zagaya shi yana saukar masa da hannu kamar mai sussukar gero, a turmi na biyu ya shimfiɗe shi. Mata suka bar fage ba guɗa.

Washegari da hantsi aka taru a zauren Sarkin Fawa. Barmo na gefe, hannunsa na dama ɗaure da karan ɗori, yana jin ana yanka maganarsa kamar ba ya wurin.

Cindo mai ɗori ya fara. Ya ce ana saura 'yan kwanaki dambe, wani bijimi ya fizgi igiya a mahauta ya murɗe wa Barmo wuyan hannu. Shi ya duba shi, ya kuma ce masa kada ya kuskura ya naɗa zare a hannun nan bana. Da aka kwance zaren bayan faɗa, ƙashi a tsage ya same shi, daidai inda ya yi gargaɗi. A ganinsa ko ɗan koyo aka saka wa Barmo ranar sai ya kayar da shi, don haka kambu bai tafi ko'ina ba.

Sai Ɗan'azumi makaɗi, wanda ya yi wa Barmo kiɗa tun suna samari. Ya ce shi bai san hannu ba, ƙafa yake kallo, don da ita yake auna kiɗa. Shekara uku ke nan yana rage saurin kalangu a ɓoye don ƙafar Barmo ta riske shi, ranar kuwa ko da ya rage ba ta riske shi ba. Kuma naushin da ya kai shi ƙasa ta saman hannun hagu ya shigo, hannun da ake karewa da shi, wanda lafiyarsa ƙalau. Ya faɗi haka ne duk da ya san in kambu ya haye gulbi, shi ma kiɗansa ya ƙare. Barmo ya ji zafin maganar nan fiye da naushin, don ya san ba ƙarya a ciki.

Na ukunsu Nomau ne, ƙanen Barmo, mai naɗa masa zare. Ya rantse kumburin ya saɓe kafin ranar, ya matsa hannun da ƙarfinsa, yayansa ko gezau. A cewarsa, a fage hannun ya karye. Kallamu ya yi kaka da kaka yana bin Barmo gari gari yana kallonsa, har ya haddace yadda yake sauke kafaɗa kafin ya kai naushi. Da naushin farko ya taho, sai ya tare shi da gwiwar hannu, da gangan. Rauni ne ya kayar da Barmo, in ji Nomau, amma Kallamu ne ya yi raunin da iyawarsa. Cindo ya ce lafiyayyen ƙashi ba ya tsagewa a gwiwar hannu. Nomau ya ce mai ciwon ma ba ya tsagewa sai an san inda za a tare shi.

Aka yi ta yi har rana ta take tsaka. Kallamu da ke bakin ƙofa ya ce shi ba zai karɓi kambun da za a riƙa cewa a hannun gurgu ya ƙwata ba, kuma ba zai tafi ya bar abin da ya ci da guminsa ba.

Sarkin Fawa ya juya ga Barmo. "Kai ne mai hannu. Me ya kayar da kai?"

Barmo ya auna abin a ransa. In ya ce gwaninta, za a ce ya sayar da kambun gari don ya samu ya huta. In ya ce rauni, baɗi zai tsaya gaban yaron nan da ɗoraren hannu da gwiwoyin da suka ƙara shekara. Abin da ya fi damunsa, shi kansa bai sani ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "na ji hannuna ya tafi, na kuma ga naushin yana zuwa na kasa kaucewa. Wanda ya riga wani, Allah ne ya sani. Ku yanke, ni dai na gaji."

To, ku da kuka ji duka, me ya kayar da Barmo, raunin hannunsa ko gwanintar Kallamu? A kwance masa kambu ya je ya huta, ko a mayar da shi fage?