Injin Da Ya Iso A Makare

Akwai wani bakanike a Ƙanƙara mai suna Mas'udu. Gareji ɗaya suke riƙe da yayansa Ubale, wanda shi ne ya fara ɗora masa sifana a hannu tun yana yaro.

Ubale ne mai shiga ƙarƙashin mota. Shekara da shekaru haka yake aiki: a ɗaga mota da jak, a tokare ta da kututture, ya shimfiɗa kwali ya kwanta.

Da Allah ya buɗa musu, suka yanke shawarar sayen injin ɗaga mota, don Ubale ya daina kwanciya ƙarƙashin jak. Aka bar wa Mas'udu zaɓe, tunda shi ne ɗan zamani.

Wani dila ya samo musu mai ƙafa biyu, na hannu amma lafiyayye. Ubale ya duba shi sama da ƙasa, ya ce ya wadatar. Mas'udu ya yatsina fuska. Wai irin wannan ko a Funtuwa akwai shi. Shi mai ƙafa huɗu yake so, sabo fil, wanda duk direban da ya taso daga Faskari ko Sabuwa sai ya rage gudu ya kalla.

Jama'a, tun daga nan fa aka shiga zaɓe. Yau wannan fentinsa bai yi ba, gobe wancan ƙasar da ta ƙera shi ba ta kwanta masa ba. Kullum yana kan waya yana nuna wa mutane hotuna, yayansa kuwa na kwance a ƙasa baƙin mai na ɗiga masa a fuska.

Suwaiba, matar Ubale, ta taɓa tare Mas'udu a zaure ta roƙe shi ya sayi ko wanne ne, don gabanta faɗuwa yake duk safiya. Ya yi dariya ya ce ai mata ba su san harkar inji ba.

A ƙarshen damina wani direba ya shigo da a-kori-kura daga Ruwan Godiya, maƙare da sabuwar masara, a gyara masa. Sauri yake ya cim ma kasuwa, ya ce ba sai an sauke buhunan ba. Ƙasa kuma a jiƙe take. Ubale ya shiga ƙarƙashinta kamar kullum, jak ya nutse, kututturen ya goce, motar ta danne shi.

Innalillahi. An ciro shi da rai, amma likita ya ce laka ta taɓu, ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba.

Cikin satin Mas'udu ya kira dila ya ce a kawo duk wanda ke akwai. Ko launinsa bai tambaya ba.

Ranar da aka kafa injin, Ubale ya dage sai an kai shi. Mas'udu ne ya turo shi a keken guragu, bai iya haɗa ido da kowa ba. Aka ɗaga wata ƙaramar mota, Ubale ya ce a tura shi ƙarƙashinta. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

“Ashe haka cikin mota yake idan mutum bai kwanta ba,” in ji shi.

Mas'udu ya durƙusa ya riƙe tayar keken yana kuka. “Yaya, ka zage ni. Don Allah ko mari na ka yi.”

Ubale ya dafa kansa. “Tashi, mai motar na jira. Ga salansa can ta huje, miƙo mini sifana, daga nan hannuna zai kai.”

Ya miƙa hannun iya ƙarfinsa. Bai kai ba.

Wallahi duk wanda ke wurin sai da ya juya baya.

Darasi: Idan abin da zai kare ran wani yana hannunka, yi shi yau da abin da ya samu, kada son burge mutane ya sa ka jira mafi kyau. Wanda yake jiranka a cikin haɗari yake jira. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ta cewa sai gobe.