Tsohon Telan Da Ya Ƙi Shiga Ƙarƙashin Tebur

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Tela, mutum mai ji da kansa, ko hularsa ba ya yarda ta karkace. 'Yarsa ta rasu a ƙasar waje, ta bar ƙaramar yarinya da ba ta jin komai sai Turanci. Da aka ce za a kawo masa ita, sai ya shiga ajin manya na koyon Turanci, don kada su zauna gida ɗaya kamar kurame.

Malamar ajin ba ta cika rubutu a allo ba. Kalmomin wuri da na motsi da jiki take koyar da su. In ta faɗi kalma da Turanci, sai ɗalibi ya tashi ya aikata: wannan ya laɓe bayan ƙofa, wancan ya zagaya kujera.

Ran nan layi ya zo kansa. Ta ce, "Baba, kalmarka ta yau ita ce ƙarƙashi. Daure ka shiga ƙarƙashin tebur."

Ai kuwa ya miƙe a fusace. "Ni? Da furfurata? Ke yarinya, na haifi wadda ta girme ki!" Ya fice, bai sake komawa ba.

Jikar ta iso. Tana shiga shagonsa ta shige ƙarƙashin teburin da yake yanka yadi, ta ƙanƙame mayafin uwarta. Kullum nan take wuni, abinci sai dai ta taɓa ta bari. Baba ya tsaya a kanta ya yi ta lallashi, ita kuwa ƙafafu kawai take gani, tana jin wata babbar murya da ba ta fahimta. Yarinya ta fara ramewa, hankalin tsoho ya tashi.

Ya koma ajin, kansa a sunkuye. "Malama, na yi miki rashin kyauta. Marainiyar nan za ta lalace a hannuna."

Ba ta tuna masa da komai ba. Ta janye kujeru, ta ce, "Kawo hular in riƙe maka, Baba." Ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara, ya rarrafa ya shiga. Tana faɗa yana maimaitawa, har bakinsa ya saba.

Da ya dawo shago, ya ajiye hula a kan keken ɗinki, ya rarrafa ya zauna gefen jikarsa. Da Turancinsa mai gargada ya ce, "Ga ni ƙarƙashi. Ga ni kusa da ke."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta matsa ta ba shi wuri, ta jingina kanta a kafaɗarsa, ta fashe da kukan da ta riƙe tun rasuwar uwarta. Shi ma hawaye ya jiƙa masa gemu.

Da za su fito, gwiwa ta ƙi ɗaga shi. Ita ta kama hannunsa ta ja.

Darasi: Girman kai ba ya kai ka wurin wanda kake ƙauna. Wani lokaci sai ka sauko ƙasa kafin a ji muryarka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na da wanda ke jiransa ya durƙuso.