Ledar da Ta Ƙona Injin Gwani

Ya 'yan'uwa, an yi wani mutum mai jirgin fito a dam ɗin Challawa, nan wajen Karaye. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma ya fi ni ƙarfi.

Allah ya hore wa mutumin nan kunne. Tun inji na nesa zai gaya maka filogi ne ko ruwa ne ya shiga fetur. Ni da ko batir ɗin tocila sai an sa mini, na sha tsayawa ina kallonsa baki buɗe. Shi ya koya wa masu jirage, daga garin Turawa har ƙasar Rogo, cewa da ruwan dam inji yake huce zafi: ya zuƙa ta 'yan ramukan da ke kusa da farfela, ruwan ya zagaye cikinsa, ya tsarto ta baya. Tsartuwar nan suke kira fitsarin inji. Kullum yana ce musu, da ta tsaya a kashe, a ɗaga, a duba ramukan. In ba toshewa ba ce, to robar famfo ta cinye.

Wata ranar kasuwa ya cika jirgi da mutane da buhunan gyaɗa. A baya, dab da inji, Tasalla mai suyar kifi ce zaune, wurin zamanta shekara da shekaru. Suna tsakiyar ruwa ta ce, "Malam, injinka fa ya daina fitsari."

Aka kwashe da dariya.

Ya saci kallo, ya ga gaskiyarta. Aikin minti biyu ne, ya fi kowa sani. To amma a ce mai kifi ce ta biya wa gwani karatunsa a gaban jama'a? Ya ce, "Tasalla, ki ji da kaskonki." Ya ƙara wuta, da niyyar in an kai gaɓa ya duba ba mai gani.

Ƙauri ya tashi. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Ya ja igiya, ta ƙi ko motsi. Da ya ɗaga, ledar fiyawata ce guda ɗaya ta lafe a kan ramukan.

Da filafili aka kai gaɓa, har Tasalla ta kama tuƙin. Kasuwa ta watse. Injin, abin da yake ci da iyalinsa ke nan, bai sake tashi ba. Yau waɗanda ya koya wa suna wuce shi da lafiyayyun injuna, shi yana dakon buhu.

Jahilci ne ya kayar da shi? Ina! Leda ce? Girman kai ne: ƙin gaskiya saboda bakin da ta fito.

Jiya maiɗakina Murja ta gyara mini wata ƙira'a, na yi kamar ban ji ba. Sai da na ji ƙauri a zuciyata na koma na ce ta maimaita.

Allah ya kiyaye mu, ya ba mu kunnen jin gaskiya tun kafin ƙauri ya tashi. Amin.