Kyalle da Bodarin Gonar Gyaɗa

An yi wani manomi, Baba Nomau, wanda birai suka addabi gonar gyaɗarsa. Sai ya samo karnuka biyu, ya ce zai koya musu jin magana. Wanda ya fi ganewa shi zai riƙa raka shi gona, a ba shi ƙashi mai ɓargo. Ɗayan kuwa a ɗaure shi bayan gida wajen turken awaki.

Na farko sunansa Kyalle, mai farin goshi, ga gudu ga cika baki. Ta biyu Durwa, 'yar baƙar karya, ba ta da sauri amma akwai kasa kunne. A gidan kuma akwai wata tsohuwar Agwagwa, wadda ba a abu a gabanta ba ta sa baki ba.

Kullum bayan la'asar Baba Nomau yakan cika aljihu da ƙuliƙuli ya fito tsakar gida. In ya ce "zauna" aka zauna, sai ya jefa guda. In ya wurga tsohon takalmi ya ce "kama", kafin Durwa ta ɗaga ƙafa Kyalle ya cafke. Amma in ya ce "bari", nan ake yin ta. Durwa takan saki nan take ta dubi fuskar maigida. Kyalle kuwa sai ya ƙara danne takalmin, ya yi ta zagaye rumbu, Baba Nomau na bin sa hula a hannu.

"Kai Kyalle, kunnuwan nan naka ado ne?" in ji Agwagwa.

"Ke tafi can, mai tafiya kamar an ɗaura mata tulu! 'Kama' ita ce maganar maza. 'Bari' ta matsorata ce, na bar wa Durwa."

Durwa ta ce masa a hankali, maigida yana tsaye ne bisa ƙafa biyu, yana hango abin da su ba sa gani. Kyalle ya yi dariya har da birgima, ya ce hancinsa ya fi idon kowa.

Ranar gwaji ta zo, aka tafi gona da hantsi. Suna isa sai ciyawa ta motsa a bakin kunya. Baba Nomau ya zaci ɗan biri ne, ya ce, "Kama!" Karnuka suka zabura.

Sai ga jela ta ɗago, baƙa da ratsin fari. Ashe bodari ne, ɗan dabban nan da Allah ya ba wa wari ya zama makaminsa.

"Bari! Bari!"

Durwa ta ja birki har ta zame da gindi, ta komo da gudu. Kyalle kuwa ya ji sarai, amma ya ce a ransa yau za a san maza. Ya buɗe baki zai cafka, bodari ya juya masa baya, fesss, ya wanke masa fuska.

Wayyo! Kyalle ya yi atishawa, ya yi birgima, ya kwasa sai gida. Kaji suka haye katanga. Awaki suka tsinke igiya. Iya Lantana, matar gidan, ta saki muciya tana salati, ta bi shi da tsintsiya. Agwagwa ta tsoma kai cikin kasko, ta ɗago tana haki: "Sannu namiji! Yau kam ka kamo, har ka kawo mana tsaraba!"

An goge shi da toka, an kai shi kududdufi, wari ya ce yana nan. Aka ɗaure shi bayan gida, awaki ma suka koma ɗaya gefen.

Da yamma Durwa ta dawo daga gona da ƙashinta a baki. Kyalle ya sunkuyar da kai, ya roƙe ta ta koya masa sauran maganganun. Ta yarda. Murna ta sa ya taso zai rungume ta.

"Bari!" in ji Durwa, tana toshe hanci.

Kyalle ya tsaya cak. Agwagwa ta ce, "Alhamdu lillahi, karatu ya shiga."

Darasin wannan labari shi ne, yara, jin magana ba a zaɓar mai daɗi a bar mai ɗaci. Wanda ya ce maka "je ka" shi ne zai ce maka "dawo", kuma sau da yawa ya hango abin da kai ba ka gani ba. Allah ya ba mu kunnen ji.