Alalen Ranar Suna

Ku gyara zama, ku da ba a raba ku da gardama, yau na kawo muku abin yi.

A garinmu an yi wasu ƙawaye uku, Kande da Lantana da Tabawa, da suka haɗa ɗan abin hannunsu suka fara sayar da alale. Ko wata biyu ba su yi ba, Malam Ɗanjuma mai shayi ya ba su aikin gwangwani ɗari biyu na sunan ɗansa na fari. Don wannan aiki suka sayi buhun wake a wajen wani baƙon ɗan kasuwa, wake fari tas, ko ƙwaro ɗaya babu. Rashin ƙwaron nan ya isa ya ba mutum tsoro, amma sababbin shiga ina suka sani?

Ranar suna da hantsi Tabawa ta kai alale, Kande ta tsaya shara. Ta zaga bayan madafa inda suke zubar da ruwan wankin wake, sai ga kajinta tara a kwance, ƙafafu a sama. Da wata ce, sai ta ce annobar kaji ce, ta ja bakinta ta yi shiru. Kande kuwa ta zazzage buhun, ta tarar da ƙullin tsumma a can ƙasa, maganin ajiyar hatsi ne ya fashe ya bi waken. Ta ƙwala wa Lantana kira.

Lantana ta buga wa Tabawa waya sau uku, hayaniyar biki ta hana a ji. Ta zura a guje, ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Ta isa ana ajiye wa maza tire a ƙofar gida. Ta san in ta tsaya jan mai gida gefe don rufin asiri, wani zai kai loma. Ta hankaɗe tiren a gaban liman, ta ce, "Kada kowa ya ci. Alalen nan namu ne, kuma da guba a ciki." Gwaggon mai jego ta fito ta kwaɗa mata mari, Lantana ko hannu ba ta ɗaga ba.

Aka bi kowa da tambaya, ba wanda ya ci, aka fara hamdala. Tabawa kaɗai ce ta ɗora hannu a ka. Ita halinta ne ta tambayi mai saye yadda yake son abinsa, kuma Hanne mai jego ta ce mata tana son yaji da ƙwai. Tabawa ta yi mata uku na musamman, ta kai mata har ɗaki da hannunta, ba wanda ya sani. Ta faɗa ɗakin, ta tarar da Hanne a dunƙule bayan labule, gumi sharkaf, jariri na tsala kuka. Mata suka ce a ɗura mata manja a jira. Tabawa ta ƙi. Ta goya ta har bakin titi, ta tare mota zuwa asibiti, ta faɗa wa likita abin da ta ci da lokacin da ta ci. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da yaron nan ya zama maraya ranar sunansa. Ni kaina da na ji, sai da tsigar jikina ta tashi.

Hanne ta warke, amma sana'a ta mutu, ko kyauta ba mai karɓar alalensu. Sai Malam Ɗanjuma ya yi sallama a gidansu. Ya ce yana da rumfa a bakin tasha, zai bayar kyauta, kuma shi zai fara cin alalen a gaban jama'a. Amma mutum ɗaya zai ba, wadda ta ceci matarsa. Matan suka kalli juna.

To, wa za a miƙa wa makullin rumfar nan? Kande da ta ƙi yin shiru, ko Lantana da ta zubar da sunansu a gaban liman, ko Tabawa da ta goya Hanne, alhali hannunta ne ya miƙa mata abin da ya kusa kashe ta?