Batirin Motar Burodi

An yi wani mai gyaran wutar mota a wani gareji da ke bayan tasha, kowa yana kiransa Injiniya. Sunansa na yanka ya ɓace mini, kamar yadda abubuwa da yawa suke ɓace mini yanzu, amma halinsa ban manta ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar hannu. Mota ta ƙi tashi, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ja wannan waya ya saki waccan, sai ka ji ta ɗauka. Aibinsa shi ne ba ya iya tsayawa ya auna. Yana da mita, na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda ake ɗora wa batir ta faɗi ƙarfin wutar da ke shigarsa. Tana can cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin benci, tsummoki da tsofaffin fulogi sun danne ta. Yakan ce mita ta 'yan koyo ce, shi idonsa da kunnensa sun ishe shi.

Yana da wata dabara da ya taso da ita tun zamanin tsofaffin motoci. In yana son ya san lafiyar altaneta, wato injin da ke cajin batir lokacin da mota ke aiki, sai ya sa a ta da motar, ya zare kan batir. In ta mutu, ya ce caji ya lalace. In ta ci gaba da ruri, ya mayar da kan ya ce lafiya lau. Abin da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba shi ne, wannan gwaji yana nuna akwai wuta ne kawai, ba ya nuna yawanta. Duk tsawon aikinsa ƙarancin wuta yake farauta. Bai ɗauki yawanta a bakin ciwo ba.

Injiniya yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne autansu, har ya yi iyali ana ce masa Auta. Auta yana da wata tsohuwar ƙaramar mota mai rufi, da ita yake raba burodin wani gidan burodi a shaguna. Da wannan aiki yake ci da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsu, wadda take zaune a wurinsa. Mai gidan burodin ba mugu ba ne, amma burodi ba ya jira, kuma akwai masu mota da dama da ke sintiri a ƙofarsa suna fatan a ba su wannan hanya.

Ciwon motar ya fara ne daga fitilu. Auta ya zo gareji ya ce in ya taka totur sai fitilun gaba su yi wani irin fari fat kamar za su tsaga ido, bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙone. Ya sake wani, shi ma ya bi sahu. Har 'yar fitilar cikin mota ta tafi.

Injiniya ya yi dariya ya ce, "Wasu na kukan fitila ba haske, kai kana kukan ta yi haske. Ƙwan zamanin nan ne, duk jabu." Ya sa masa sababbi, ya buga bayan motar da tafin hannu ya ce ya tafi.

Ba a daɗe ba sai wari ya biyo. Batirin wannan mota a ƙarƙashin kujerar direba yake, cikin wani ɗan rami mai murfi. Auta ya lura kujerar tana ɗaukar zafi, kuma in ya yi doguwar tafiya sai motar ta cika da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Warin ya fara kama ledar burodi. Wata mai shago ta dawo masa da kayanta gaba ɗaya, ta ce ba za ta sayar wa mutane abin da ita kanta ba za ta iya kai wa baki ba. Maganar ta kai kunnen mai gidan burodi, ya kira Auta gefe ya ce ya gyara motarsa, in an sake kawo ƙara zai ba wani hanyar.

Da Auta ya kawo wannan kuka, Injiniya ya sa kai cikin motar ya shaƙa, ya fito yana toshe hanci.

"Auta, tsakaninka da Allah, me ka ci jiya? Kada ka ɗora wa mota laifin cikinka."

Mai faci da ke maƙwabtaka da su ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Auta ma ya yi murmushi don dole, ya ce, "Yaya, ka bar wasa. Abincina ne a cikin motar nan."

Injiniya ya ɗaga kujera ya buɗe batir, ya tarar ruwansa ya ƙafe, faranti sun fito fili. Nan ne wurin da ya kamata ya tambayi kansa abin da ke ƙafar da ruwan. Bai tambaya ba. Ya ce batirin ne ya tsufa, ya ɗauko wani sabo ya ɗaura. Auta ya yi godiya ya tafi da murna.

Ban tuna ba ko damina ce ko rani, amma na san a wannan tsakanin Injiniya ya je gaida mahaifiyarsu. Ya same ta a ɗakinta a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Bayan sun gaisa ta ce masa ta ga Auta ba ya barci sosai, kuma ya gaya mata sabon batirin ma gefensa ya fara kumbura. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma ta san in yaro ya yi ta kuka akwai abin da ke damunsa. "Ka zauna ka duba motar ƙanenka da natsuwa. Da ita muke ci."

Ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Motar da ta fi wannan ma na gyara." Ya sha ruwa ya tashi, yana sauri saboda akwai mai jiransa a gareji.

Ranar da abin ya faru, rana ta take tsaka. Auta ya gama zagayensa mai nisa, ya shigo gareji bai kashe motar ba, don yana son yayansa ya ji da kunnensa. Ya tarar da Injiniya kwance a ƙarƙashin sitiyarin wata ƙatuwar mota mai tsada, ƙafafunsa kawai ake gani, mai motar yana tsaye a kansa yana duba agogo. Auta ya durƙusa ya ce batirin yana wani ƙara kamar tukunya a kan wuta, kuma wani direba a tasha ya ce masa alamar caji ya yi yawa ke nan, a sa mita a auna.

Wannan magana ita ta ɓata komai. Da a ce su biyu ne, wataƙila da ya ji. Amma an faɗe ta a gaban baƙo, kuma Injiniya ya ji kamar an ce bai san aikinsa ba.

"Yanzu direbobin tasha ne za su koya mini wuta?" ya faɗa daga inda yake kwance. "Ɗauki sufana a kan benci. Ɗaga kujera ka kwance kan batir, ka zare shi motar na aiki. In ba ta mutu ba, cajinka lafiya lau, ka ƙyale ni in yi aiki."

"Yaya, tafasa fa yake yi. Ko taɓa shi ba a iya yi."

"Sa tsumma ka zare. Ni na ce ka zare."

Auta bai saba musu da yayansa ba. Ya ɗauki sufana ya tafi. Batir in ya sha caji fiye da kima har ya tafasa, wata iska yake fitarwa wadda ba a gani, kuma tartsatsi kaɗan ya ishe ta kamawa. Wannan iska ta cika ramin da ke ƙarƙashin kujerar. Ramin yana da zurfi, dole mutum ya sunkuyar da fuska kafin hannunsa ya kai. Auta ya sunkuya, ya kwance, ya ja. Tartsatsi ya tashi.

Ƙarar da aka ji ta sa mai ƙatuwar motar ya ruga bayan bango. Injiniya ya fito a gigice har ya buge goshi da ƙofa. Ya ga Auta a ƙasa yana birgima, hannuwansa biyu a kan fuska, rigarsa ta jiƙe da ruwan batir, gutsattsarin baƙar roba sun watsu ko'ina. Mai faci ne ya fara dawowa hayyacinsa, ya kinkimo bahon ruwan da yake gwada tayoyi ya yi ta kwarara masa a fuska, yana cewa ya buɗe idon ko da ƙarfi ne. Auta bai iya buɗewa ba. Suka sa shi a mota zuwa asibiti.

Likita ya ce ido ɗaya ya tafi, roba ta huda shi. Ɗayan kuma ruwan batir ya cinye gabansa, zai riƙa bambance haske da duhu, amma ba zai ƙara gane fuska ba, balle hanya. Washegari da safe wata mota dabam ce ta tsaya a ƙofar gidan burodi. Mai gidan ya zo dubiya, ya yi addu'a, ya nuna alhini na gaskiya, amma hanyar ta riga ta tafi.

Motar ta daɗe a gareji ba wanda ya taɓa ta. Wata safiya Injiniya ya wanke ramin, ya sa wani batir, ya tono mita daga ƙarƙashin tsummoki. Ya ta da motar ya ɗora wayoyin. Inda ya kamata lamba ta tsaya wajen sha huɗu, sai ya ga ta wuce sha biyar tun motar na tsaye. Da ya taɓa totur ta haura sha bakwai. Ya kashe motar ya fara bi a hankali, irin bin da bai taɓa yi ba. Ya duba wayar da ke haɗa inji da jikin mota, lafiyarta ƙalau. Ya duba regileta, ɗan abin da ke ƙayyade wa altaneta yawan wutar da za ta bayar, bai ga alamar ƙuna ba. Sai ya bi wata siririyar waya wadda aikinta shi ne ta sanar da regileta halin da batir ke ciki. A bakin mahaɗarta ya tarar da tsatsa kore shar ta cinye ƙarfen. Saƙon ba ya isa daidai, don haka altaneta take zaton batir na jin yunwa, take ta ɗura masa wuta ba tsayawa. Ya kankare tsatsar, ya sa sabon baki. Kafin shayin da mai faci ya ajiye masa ya huce, ya gama. Lamba ta zauna inda ya kamata.



Da yamma ya je gidan ƙanen nasa. Auta yana zaune a ɗakin mahaifiyarsu, ya jingina da bango, fuskarsa duk tabo, 'yarsa ƙarama tana riƙe masa kofi. Matarsa ta amsa gaisuwar Injiniya daga bayan ƙofa, ba ta fito ba. Tsohuwar ta amsa, amma ba ta ɗago kai ba.

Auta ya juyo wajen da ya ji muryar ya ce, "Yaya, an gano abin?"

Injiniya ya so ya ce wani babban abu ne mai wuyar ganewa. Bakinsa ya ƙi. Ya ce, "Waya ce. 'Yar siririya. Tsatsa ta ci bakinta."

"Ka gyara?"

"Na gyara."

Auta ya lalubi kofin daga hannun yarinyar ya kurɓa, ya mayar mata. Sannan ya ce, "To, madalla. A nemi mai ido a sayar masa da motar."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta ɗauke wa mutum wajibcin tsayawa ya bincika. Fitilar da ta ƙone, ruwan da ya ƙafe, warin da ya tashi, duk gargaɗi ne, kuma wanda ya yi ta share gargaɗi yana canza abin da ya lalace ba tare da neman dalili ba, ranar da abin zai fashe ba lallai a kansa zai fashe ba. Yawan abu ciwo ne kamar ƙarancinsa. Duk wanda aka damƙa wa amanar aiki, ya auna kafin ya yanke hukunci, ya saurari mai ƙorafi ko da ƙanensa ne, kuma kada girman kai ya sa ya tura wani ya sa fuska inda shi bai duba ba.